Garejin Baba

Mu uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, duk da rubuta manhaja muke ci. Burinmu ƙarami ne: mu mayar da garejin gidanmu shagon kayan haɗe-haɗe, inda yaro zai sayi Arduino da 'yan wayoyi, ya zauna kan benci ya haɗa fitilar da ke kunna kanta da magariba.

Sai dai takardar mallakar gidan ta ce na zama ne. Tun Dokar Filaye ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, kasuwanci a gidan zama kuwa sai an nemi izinin canjin amfani. A layinmu akwai mai kemis da teloli biyu, duk a gareji, babu wanda ya taɓa nema. Mu ma banki ne ya ce ba rance sai da takardar.

A ofis, fom ya tsaya mana. Shago ne, makaranta, ko wurin gyara? Kowanne kuɗinsa daban. Mu da muke tsara fom kullum mun san ciwon: ba a bar gurbin "wani abu daban" ba. Jami'in ya jujjuya Arduino ya ce, "Malam, wannan ai kayan masu gyaran rediyo ne." A bene aka ce tunda yara za su zauna, makaranta ce, mu kawo zanen banɗaki da ƙofa ta biyu.

Wata biyar ke nan. Kayan suna kwali a ɗakin Hajiya, dogon hutu ya ƙarato, yara goma sha ɗaya sun rubuta suna.