Na'urar Neman Ƙarfe da Kuɗin Kakanninmu

Tun da aka soma tururuwar haƙar zinariya a Djado ta Jamhuriyar Nijar a 2014, mutanenmu suka san na'urar nan da ake shafa ƙasa da ita tana ƙara. Waccan ta masu haƙa ce, kuma tsada gare ta. Ni da abokaina biyu a Paikon Kore, kusa da Gwagwalada, ƙarama muke so, wadda za ta gano tsabar kuɗi da ɗan kunnen da ya faɗi. Karo-karo muka yi, saboda haka zaɓe ɗaya gare mu.

Guda uku muka auna. Garrett ACE 250 ta Amurka tana da sauƙin koyo, kuma batir huɗu na kanti take ci. Sai dai an daidaita ta da ƙasa tun daga masana'anta, ba ka da ikon sauyawa. Jar ƙasarmu kuwa cike take da sinadarin ƙarfe, wanda kan sa na'ura surutu babu dalili. Minelab Vanquish 340 tana aika zango da yawa lokaci guda, don haka ta fi natsuwa, amma akwatinta ba ya shiga ruwa. Nokta Simplex+ ta Turkiyya, wadda ta fito a 2019, tana nutsewa har mita 3, kuma kai ne za ka daidaita ta da ƙasar wurin. Ita na zaɓa, duk da cewa caji take so, mu kuma mai karatu ya san halin wutarmu.

Babu wadda ke rarrabe ɗan kunnen zinariya da guntun gwangwani yadda ya kamata. Dole ka tona ka gani.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne kuɗin da ake kashewa kafin zuwan naira a 1973: anini mai huji da tauraro mai tsini shida, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule. Har gobe muna cewa “ba ni da ko sisi”, alhali da yawa cikin ajinmu ba su taɓa riƙe shi ba. Anini goma ne kwabo, kwabo sha biyu ne sule. Da na kai wa kakata anini ɗaya, sai ta juya shi ta ce da irinsa suke sayen ƙuli-ƙuli, kuma ta hujin nan ake zura zare a ɗaure a bakin zane.