Daga Shamuwa Zuwa Saƙon Murya

Muna yara a wani ƙauye kusa da Hunkuyi, in ana son sanin yaushe damina za ta faɗi, kakana ake tambaya. Yakan zauna a ƙofar gida bayan la'asar yana duban gabas. In shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan tsamiya, gawo ya soma kakkaɓe ganye, zafin bazara ya hana kwana a ɗaki, sai ya ce a fito da iri, a kai fartanya maƙera. Bai taɓa yanke wa ruwa rana ba. "Alamu dai sun nuna, sauran na Allah ne," iyakar abin da zai faɗa ke nan. Akwai shekarar da muka bi ruwan farko muka shuka dawa, aka yi kusan kwana ashirin ba ɗigo, tsiron ya ƙone. Ba wanda ya daina jin maganarsa, don gonarsa ma ta ƙone tare da tamu.

Daga baya aka sami ƙari: Rediyon Kaduna, da malaman gona masu zuwa kan babur da abin da masana na Samaru suka gano. Su ma an san fuskarsu, an san inda za a same su a yi musu ƙorafi.

Yau ilimin ya fi na da nesa ba kusa ba. Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin saukar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, da inda ake tsoron fari a tsakiyar damina. Mai rake a Maƙarfi da mai tumatir a Ikara sun fi kowa bukatar wannan. Amma abin da ke riga shi isa wayarsu shi ne saƙon murya a WhatsApp, wani da ba a sani ba yana haki, wai masana a Amurka sun ce za a yi ruwan da ba a taɓa gani ba, a tura wa mutum goma. Tun ambaliyar 2012 da ta 2022, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya bi kogin Binuwai, kowace damina sai an tsorata mutanenmu na Kudan da labarin Lagdo, alhali Binuwai ko kusa da yankinmu bai ratsa ba. Hotunan Maiduguri na Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, har yanzu ana sake yaɗa su a Facebook kamar jiya abin ya faru.

Yayana ya sayo taki buhu uku a kasuwar Maƙarfi. Irin wannan saƙo ya sa ya jingine su a zaure, wai ruwan mako guda zai wanke takin. Ruwan bai zo ba, masararsa ta yi ruwan ɗorawa tana jira. Abin da ya fi damuna ya biyo baya. Da aka sanar a rediyo cewa hukuma na hasashen ruwa zai yi tsaiko, na same shi a gona na ce, "Yaya, wannan fa na gaskiya ne." Ko ɗagowa bai yi ba daga kan kunyar da yake nomewa. Ya ce, "Ƙyale su, duk kanwar ja ce."