Naman Kaza a Tukunyar Tinyer

Idan damina ta kankama a Tinyer, sanyin tudun Adamawa ya sauko bayan Magariba, akwai abincin da ke tara mu a tabarma ɗaya: dunƙulen nama cikin miyar naman kaza. Ana daka tsokar saniya a turmi da albasa, tafarnuwa da citta, a mulmula, a soya sama-sama, sannan a zuba cikin miyar naman kazan da ya tsiro a jikin suri. Da tuwon masara muke ci.

Kakanninmu da fatauci ya kawo nan ba su zo da wannan girki ba. Naman daga garken Fulani yake. Sanin naman kaza kuwa, iyayenmu mata sun same shi ne a wurin maƙwabtan da muka tarar a ƙasar nan. Su suka nuna musu wanda ake ci da wanda ke kisa, domin a ido wasu kamarsu ɗaya.

Damuwarmu ita ce, tsofaffin da suka san bambancin suna ƙarewa, 'ya'yanmu kuma karatu ya ɗauke su zuwa Ngaundere da Garwa. Bara wata amarya ta zubar da kwando guda saboda ta rasa wanda za ta tambaya. Ta yi daidai, rai ya fi miya.

Amma bana mu tura 'yan matanmu su bi tsofaffi zuwa suri da sassafe, su gani da idonsu, tun masu nunawar suna raye. Allah ya kai mu daminar lafiya.