"Da Sauƙi"

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a Shinkafi. Da ta nemi in fassara mata tambayoyi tara na ma'aunin ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, na ɗauka aikin yini guda ne, tunda Hausa na karanta. Na gama, na miƙa mata. Ta ce in zo in zauna kusa da ita wurin aiki tukuna.

Wata mata da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu ta kawo ɗanta. Yaya ta naɗa ma'auni a damtsen yaron, ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce mai tsanani, kuma cikin minti guda aka gane ta. Da aka juyo kan uwar aka tambaye ta jiki, sai ta ce, "Da sauƙi."

Na karanta mata tambayata ta biyu: ko tana jin baƙin ciki ko yanke ƙauna? Ta dube ni ta ce, "Wa ke yanke ƙauna daga rahamar Allah?" Nahawuna daidai yake, amma na nemi musulma ta amsa abin da take ɗauka saɓo ne.

Yaya ta ajiye takardar. Ta ce, "Inna, kina samun kwana?" A bakin Zamfarawa kwana shi ne barci. Matar ta yi shiru, sannan ta ce rabonta da kwanan kirki tun daren da aka shigo garinsu, kuma da ta ji ƙarar babur sai gabanta ya faɗi. Abinci ma ba ya shiga.

Da amsar farko aka rubuta, da an ba ta sifili, an sallame ta. Irin wannan sifili shi ke taruwa ya zama rahoton bincike, a ce mutanen yankin ba su da matsala. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, kuma akwai asibitin tarayya na masu taɓin hankali a Kware. Sai dai ba a tura wanda ba a gano ciwonsa ba.

Mun yi nazarin kunya da haƙuri a adabi, amma ba mu bi su ɗakin jinya ba. Na koma kan fassarar nan, wata uku ke nan, har yanzu ina kan tambaya ta biyu.