Mota Mai Ɗaki da Zangon da Kazaure Ke Bukata

Kaɗan ne daga cikin direbobin da ke lodin Daura daga Kano suka san cewa titin da suke bi kullum yanki ne na wata doguwar hanya da ta taso daga birnin Aljiyas, a gaɓar tekun Bahar Rum, ta ratsa hamadar Sahara, ta tuƙe a Legas. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 4,500. Wanda ya taso daga arewa zai bi ta Tamanrasat da Ingizam a Aljeriya, ya shiga Nijar ta Asamaka, ya wuce Arlit da Agadas da Damagaram da Matamai, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, daga nan sai Daura, Kazaure, Dambatta, Kano. Akwai kuma masu ratsewa ta Magarya da Babban Mutum su ɓullo ta Babura.

Mu da aka haifa a farkon shekarun 1980 mun riski ƙarshen zamanin da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke bin wannan hanya. Da hunturu suke zuwa, lokacin da zafin hamada ya yi sauƙi. Motocinsu sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure musu jarkoki da tayoyi a sama, ga wasu faffaɗan ƙarafa da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya idan mota ta kafe a rairayi. Sukan tsaya a bakin titi su sayi burodi da lemo da tumatir, su roƙi ruwa, mu kuma yara mu leƙa ta taga mu ga gado da risho da labule. Wasunsu tsofaffin Fijo 504 suke korowa, su sayar a Nijar su koma gida ta jirgin sama. Waɗanda suka ƙaraso Kano sukan sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai. Tambayar da manyanmu ke yi ita ce: me zai sa mutum mai gida da abin hannunsa ya zaɓi kwana a mota?

Na sami damar ganin wannan rayuwa daga ciki a shekarar 2014, ina karatun digiri na uku a Jamus. Maƙwabcina wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya ratsa Sahara da mota a ƙuruciyarsa. Da ya ji daga arewacin Kano na fito, sai ya ɗauko tsohuwar taswirar Michelin mai lamba 153, wadda masu ratsa hamada suka dogara da ita a wancan zamani, ya bi hanyar da yatsa tun daga Tamanrasat har Kano. Matarsa ta rasu, yana neman abokin tafiya, ni kuma ina da hutu. Haka muka yi mako shida a cikin motarsa mai ɗaki: shi ke tuƙi, ni ke kula da taswira da girki. Daga Jamus muka shiga Lukzambur da Faransa, muka gangara Sifaniya har Ƙurɗuba da Garnaɗa, muka dawo ta kudancin Faransa da Italiya da Ostiriya.

Ita motar ba ta da wani abin al'ajabi. Akwai gadaje biyu, da murhun gas, da ƙaramin firji, da tankin ruwa mai cin lita 100, da wani tankin na ruwan wanke-wanke, da banɗaki mai akwati da ake zarewa a zubar. Yawancin irin waɗannan motoci ana ƙera su ne yadda nauyinsu ba zai wuce kilo 3,500 ba, domin mai lasisin ƙaramar mota ya iya tuƙa su. Masu tallarsu suna cewa 'yanci suke sayarwa, amma wanda ya zauna a ciki ya san iyakar wannan 'yanci kwana uku ne. Bayan haka ruwa zai ƙare, akwatin banɗaki zai cika, batir zai yi sanyi. Dole matafiyi ya nemi garin da ya tanadar masa ruwa mai tsabta, da wurin zubar da ƙazanta, da filin da zai rufe ido ba fargaba.

Wannan tanadi shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, fiye da gine-ginen Andalus. A Faransa akwai dubban irin waɗannan wuraren tsayawa, kuma da yawansu hukumomin ƙananan garuruwa ne suka samar da su. Fili ne kawai a gefen gari, mai ɗaukar mota goma ko ashirin, da famfo, da magudana, wani lokaci da soket na lantarki. Wani kyauta ne, wani kuma a jefa 'yan yuro kaɗan a na'ura. Lissafin mutanen garin mai sauƙi ne: wanda ya kwana zai sayi burodi da safe, zai sha mai, zai shiga kasuwa. Akwai kuma wani tsari mai suna France Passion, wanda tun shekarun 1990 yake haɗa matafiya da manoma, inda manomi ke barin mota ta kwana ɗaya a gonarsa kyauta, baƙo kuma in ya ga dama ya sayi zuma ko cuku ko ƙwai. Mun kwana a irin waɗannan gonaki sau da dama, kuma ba a taɓa tambayarmu fiye da inda muka fito da inda muka nufa ba.

Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, domin yana da sunansa: zango. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da jakuna da kaya da iyali, ƙarƙashin jagorancin madugu. Ba ƙarfin jaki ne kaɗai ya kai su Salaga ba. A kowane mataki akwai wurin sauka da aka sani, kusa da ruwa, da sarkin da ya karɓi haƙƙinsa ya ɗauki nauyin tsaro, da mai masauki da ke adana kaya ya haɗa baƙo da mai saye. Tsarin ya yi ƙarfin da ya bar sunansa a taswira: Zangon Daura a nan kusa da mu, Zangon Kataf a kudancin Kaduna, da unguwannin Zongo a Kumasi da Akara. Abin da na gani a ƙauyukan Faransa shi ne wannan tsohuwar dabara, an ƙara mata famfo da lantarki.

Sharaɗi na biyu na irin wannan tafiya shi ne iyaka a buɗe. Mun tsaya a Shengen, wani ƙaramin ƙauye a bakin kogin Mozel inda Lukzambur da Faransa da Jamus suka haɗu. A nan ne ranar 14 ga Yuni, 1985, ƙasashe biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar cire shingayen da ke tsakaninsu, shekara 40 kacal bayan yaƙin da suka kashe juna a cikinsa. Ba ta fara aiki ba sai 1995, yau kuma ƙasashe 29 ke cikinta. A mako shida ɗin nan ba wanda ya tsayar da mu a wata iyaka, sai dai mu ga allo ya sauya harshe. Wannan sauƙi dai ba na kowa ba ne. Ni takardar izinin zama ta ɗalibi ce ta ba ni shi. Ɗan Nijeriya da ya taso daga gida sai ya nemi biza, ya biya yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana shi, kuma ko an ba shi ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba. Su ma Turawan sun fara ja da baya, domin tun Satumbar 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibanmu ba shi ne mun riga su. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga a Dakar cikin Mayun 1979, shekara shida kafin Shengen, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Mu kuwa ba ma da bukatar allo ya sauya harshe, domin mutumin Babura da na Magarya harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, ga auratayya. Iyakar da ta raba su Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20.

To, me ya kashe hanyar? Tawayen Abzinawa ya ɓarke a arewacin Nijar a 1990, yaƙin basasa ya biyo baya a Aljeriya daga 1992. A 2003 aka sace Turawa 'yan yawon buɗe ido 32 a hamadar Aljeriya. A 2008 aka soke tseren motoci na Dakar saboda barazanar tsaro, shekara mai zuwa aka mayar da shi Kudancin Amurka. Daga baya rashin tsaro ya iso gidanmu, har tafiyar dare ta zama abin da uwa ke roƙon ɗanta ya bari. Sai kuma rufe iyaka: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta 'yancin zirga-zirgar mutanensu har sai an sake shawara. Turawan ba su yi asarar komai ba, sun karkata zuwa Maroko da gaɓar tekun Atlantika. Asarar tana kan mai shayi da bakanike da mai faci da mai sayar da abinci a bakin titi, da matar da ke son zuwa sunan jikanta a Matamai.

Na san mai karatu zai iya cewa wannan zancen masu ƙoshi ne, manomin Gwiwa da ke neman taki ina ruwansa da mota mai ɗaki? Gaskiya ne, yawancin waɗanda muka haɗu da su a wuraren tsayawa tsofaffi ne masu fansho mai kauri, kuma ba na kira ga kowa ya sayi irin wannan mota. Amma muna da namu mutanen da mota ta zama musu ɗaki ba da zaɓinsu ba. Direban tirela da yaransa suna kwana ƙarƙashin mota a kan tabarma, su yi alwala da ruwan leda, su nemi bayan gari idan bukata ta kama su. Ɗan kasuwar da dare ya yi masa tsakanin Daura da Kano, da iyalin da ke kai mara lafiya asibiti, da motar ɗalibai da ta lalace, duk abin da suke bukata shi ne abin da dattijon Bajamushe ke bukata: ruwa, da banɗaki, da kwana cikin aminci. Garin da ya tanadi waɗannan ga baƙo, nasa mutanen ne za su fara cin moriyarsu.

Batun yana da gaggawa domin ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Dambatta da Kazaure da Daura zai bi. Jirgi da babbar hanya ba sa arzuta gari don sun ratsa shi kawai. Garin da ba shi da dalilin tsayawa, ƙarar wucewa kaɗai zai riƙa ji. Kazaure kuwa tana da dalilai: ga madatsar ruwa a gefen gari, ga tsaunukan da suka kewaye ta, ga duwatsun ƙasar Roni, ga hawan Sallah na masarauta, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu mai jawo baƙi daga ko'ina. Ina da ɗalibai 'yan Jigawa da za su iya siffanta maka Dubai daga abin da suka gani a waya, amma ba su taɓa taka Roni ba.

Shawarata ga ƙananan hukumomin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, tare da masarauta da ƙungiyoyin direbobi, ba ta wuce ƙarfinsu ba. A ware fili a gefen babban titi a katange shi, a haƙa rijiyar burtsatse, a gina banɗakuna na maza da na mata waɗanda ake wankewa kullum, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, da ɗan masallaci, da rumfunan masu abinci. A ɗauki masu gadi daga 'yan unguwar, a rubuta kuɗin kwana a allo, a riƙa ba da rasit. Kula da wurin ya fi gina shi wuya, don haka a damƙa shi ga waɗanda abincinsu zai dogara da tsabtarsa. Makarantu kuma su fara kai yara su kwana ɗaya su ga ƙasarsu, tun da mu ne muka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Zaman lafiyar Sahara da makomar alaƙar Abuja da Yamai ba a hannun shugaban ƙaramar hukuma suke ba, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin cewa motoci masu ɗaki za su sake gangarowa daga Agadas nan kusa ba. Amma rijiya da banɗaki da fitila da mai gadi suna hannunsa, kuma akwai masu bukatarsu a daren yau. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya sauke kowa gidansa lafiya.