Gulbi da Gidan Kifi: Abin da Na Koya a Bakin Kakana

A hutun da ya wuce na koma gida Morai domin tattara karin magana na masunta, aikin da malaminmu na adabin baka ya ɗora mana. Na sami kakana a gindin tsamiya yana ɗinkin wata tsohuwar koma wadda ya daɗe bai jefa a ruwa ba. Bayan na durƙusa na gaishe shi, sai na tambaye shi asalin maganar nan da ake cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Abokina, kai da ba ka san gidan kifi ba, ina za ka san idonsa?"

Daga nan ya shiga warware mini yadda al'amarin yake a zamanin ƙuruciyarsa. Gulbin Sakkwato yakan taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da ƙasar Maradun da ta Bakura, kafin ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, sai gulbin ya cika ya batse, ya malala cikin fadamu. Wannan malala ita ce kiran da kifi ke jira. Tarwaɗa da kawara da bargi sukan bi sabon ruwa su shiga cikin ciyawa, inda ruwan bai da zurfi kuma yana da ɗumi, su zuba ƙwai. 'Ya'yansu su sami abinci a ruɓaɓɓen haki, su sami maɓoya daga bakin tsage da giwan ruwa. Da kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai waɗanda suka yi ƙwari su gangara gulbi, saura kuma su maƙale a tafkuna, inda jama'a ke yin su da rani bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Gaiwa kuwa takan nutse cikin laka ta kwanta har ruwa ya dawo.

Ashe kowane irin ruwa da mazaunansa. Ƙurungu yana son gurbi mai zurfi, karfasa tana son gefe mai sanyin gudu inda za ta haƙa ramin ƙwai, tsage kuwa ya fi son sarari inda zai kai farmaki. Gulbin da ke cika yana raguwa a kan lokaci shi ne mai gina wa kowa ɗakinsa.

A tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar Bakolori, wadda ke iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, domin noman rani. Tarihi bai manta da tarzomar manoma ta 1980 a kan diyyar gonaki ba, wadda rayuka suka salwanta a cikinta. Amma akwai wata hasara da ba a yi mata kuka ba. Ruwan da ya saba malala a fadamun da ke ƙasa da madatsa sai aka riƙe shi, ana sakinsa gwargwadon bukatar gona. Fadamar da ba ta sha ba, kifi ba ya haihuwa a cikinta. Tafkin da bai cika da damina ba, babu su a cikinsa da rani. Kifin da ya saba haurawa sama kuma ya tarar da bango. A bayan madatsar an sami babban tafki, karfasa ta ji daɗinsa, wasu masunta suka koma can. Kakana bai bi su ba, ya rataye komarsa ya kama fartanya.

Ba ina cewa madatsa ba ta da amfani ba. Kuɗin shinkafar rani ne ya biya mini makaranta, kuma ba na zagin hannun da ya ciyar da ni. Sai dai a ganina, sakin ruwa da yawa na 'yan makonni a ƙarshen damina, yadda fadamu za su sha, zai iya mayar wa kifi wani sashe na gidansa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne makomar kalmomi. Na tambayi ƙanena abin da ake nufi da koma, ya ce ai umurni ne na komawa. Idan kifi ya rasa mazauni, masunci ya rasa sana'a, sunayen kifaye da na kayan su sukan bi su, karin maganar kuma ya zama ƙwarya ba fura. Saboda haka nake roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu je ga dattawan Sarkawa tun suna raye, mu rubuta abin da ke bakinsu. Ni dai na cika littafi guda, kuma kakana ya yi mini alkawarin komar nan idan ya gama ɗinkinta.