Me Ya Sa Ba A Iya Faɗin Ruwan Wata Mai Zuwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san yara ba su da kunyar tambaya. Wadda ta fi damuna ita ce: "Malam, in ana iya faɗin ranar husufin wata tun da shekaru, don me ba a iya faɗin ranar da ruwa zai sauka a Kwali?" Tambayar ba ta wasa ba ce, gama iyayensu manoma ne, wanda ya yi shuka da ruwan farko kuwa, sa'an nan aka yi fari, ya yi hasarar iri.

Amsar tana cikin abin da a ke kira ilmin hargitsi. A shekarar 1961 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, yana lissafin yanayi da kwamfuta. Don ya rage wahala, maimakon 0.506127 sai ya sa 0.506. Da fari amsa ta bi ta dā, can gaba kuwa ta rabu da ita sarai. Watau iska tana bin ƙa'ida sosai, amma ɗan kuskuren awo, komi ƙanƙantarsa, sai ya yi ta ninkuwa. A 1972 ya yi lacca a kan ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Birazil zai iya ta da guguwa a Texas. Ni dai misalin nan bai gamshe ni ba, don mutane sun riƙe malam-buɗe-littafin sun yar da lissafin.

Ga yadda na gwada da yarana. Na ce su ɗauki lamba, su ɗebe ta daga 1, su ninka abin da ya rage da lambar, su kuma ninka sau 4, sa'an nan su maimaita da amsar. Rabin aji suka fara da 0.300, rabi da 0.301. A karo na takwas waɗancan suka sami 0.448, waɗannan 0.719. Kowa ya rantse shi ke da gaskiya, alhali ba wanda ya yi kuskure.

Sabo da haka ne faɗin yanayin kowace rana ba ya wuce kamar mako biyu. Tun 1992 manyan ma'aikatun yanayi na Turai da Amurka su kan gudanar da lissafi sau da yawa, kowanne da ɗan bambanci a farkonsa. In amsoshin sun haɗu, a amince; in sun watse, a yi hattara. Hukumar NiMet, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, ta kan fitar da hasashen damina kowace shekara, lokacin farawarta da tsawonta. Abin da za mu koya wa yaro ya kai gida shi ne, hasashen nan awon yiwuwa ne, ba alkawarin rana kaza ba, don mahaifinsa ya bar wani iri a rumbu har ruwa ya zauna.